Kwalba ɗaya ta kusa kashe mana ladan

Jiya da azahar Malam Sani, ladan masallacinmu a Karu, ya kama makirfo zai kira salla, wuta ta fizge shi ta maka shi da bango. Dattijon yana kwance yanzu, tafin hannunsa a ƙone.

Amfilifayar masallacin, wato na'urar ƙara sauti, tsohuwa ce mai kwalaben lantarki a ciki, marigayi mahaifina ya bayar da ita. Makon jiya ta yi shiru, na kai wa wani mai gyara a Mpape. Ya canza mata kwalba ɗaya, na dawo da ita masallaci.

Yau na kai wa Baba Bitrus, wanda ya tsufa a gyaran irinta. Yana buɗewa ya girgiza kai. Ya ce kwalbar rektifaya, mai daidaita wuta, da aka sa ba irin tata ba ce, tana jan wuta fiye da ƙarfin taransifoma. Wayar hita, mai ɗumama kwalbar, ta yi zafi, robarta ta narke, ta taɓa ƙarfen akwatin. Wayar ƙasa da ke kare mutum kuma an yanke ta.

Na koma Mpape na ce, "Malam, don me ka sa wannan kwalbar?"

Ya ce, "Oga, ta shiga ramin daidai. Kuma ai ta yi magana."

Na ce, "Ladanmu ya ƙone fa."

Ya ce, "To, tsautsayi ne."

Ko sannu bai ce a kai masa ba.

Abin da ke cin raina, ni na jona amfilifayar da hannuna. Wai mene ne wahalar mutum ya ce ban iya ba? Ku ya kuke gane mai gyara na gaskiya?