Agogon Auta

Dalma ake kiransa, don tun yana saurayi ƙamshin dalma bai bar rigarsa ba. Ya fara gyaran rediyo a zamanin da sai an jira ta yi zafi kafin ta yi magana, kuma aikinsa tsaf yake, kowace waya a miƙe. Ƙaninsa, Auta, ya shigo shagon daga baya da kwamfuta a hammata.

Da mantuwa ta fara kama Inna, mahaifiyarsu, Dalma ya ce zai haɗa mata agogo mai ƙara don lokacin shan magani. Ya fafe akwatin katako, ya jera manyan lambobi jajaye masu haske. Sai ƙafafun ƙaramar ƙwaƙwalwar agogon, inda ake ɗaura wayoyi, suka ƙare a kan lambobin, babu inda zai ɗaura maɓallan saiti.

"Yaya, ɗaura su kan ƙafafun lambobin," in ji Auta. "Zan sa ƙwaƙwalwar ta riƙa kashe lambobin na ƙiftawar ido, ta duba ko an danna, ta sake kunnawa. Ido ba ya kamawa."

"Ƙafa ɗaya aiki biyu? Sai ka ce kai, da ci da surutu."

Amma dabarar ta yi aiki. Tun ranar Inna take cewa "agogon Auta". Abin ya tsaya wa Dalma a rai. So yake, ko sau ɗaya, ta ce nasa ne.

Ya kuwa gano aibi: in aka danna maɓalli biyu tare, ƙafafu biyu kan haɗu, lambobin su rikice. Bai gaya wa Auta ba. Ya jira ranar da jikoki suka cika ɗakin Inna, ya sa yatsu biyu ya danna. Bakwai ta koma wata aba mara suna.

"Inna, kin ga dabarar ɗan naki?"

Inna ta matso, ta kanne ido. Ja kawai take gani.

"Babba, ɗauke hannunka kada ka ɓata wa ƙaninka agogo. Kai tun kana yaro ba ka barin kayan mutane."

Jikoki suka kwashe da dariya.

Washegari ya kai shi shago, ya liƙa wa kowane maɓalli dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, don kada lambobin su sake rikicewa, ya rufe akwatin. Da ya mayar, Inna ta shafa katakon ta ce, "Auta ya ce ka kawo?"

"E, Inna," in ji Dalma.