Idon Baba a Hanyar Kwalejin Mata

Ƙarar siginar mota, wannan kyat-kyat ɗin da take yi kafin a sha kwana, har yau in na ji ta sai tafin hannuna ya jiƙe. Za ka ce mene ne abin tsoro a ciki. To, ni a kujerar gaba na yi ƙuruciyata, kuma ba yawo ake kai ni ba.

A unguwar Al-Oud muke, cikin wani tsohon gida da ke kallon katangar maƙabarta. Baba direban wani tsohon Balarabe ne, shi ne kafilinsa, wato mai riƙe da igamarmu, takardar da ta ba mu izinin zama a Riyadh. Tsohon ya daina fita, don haka aikin bai wuce sayo magani da burodi ba, motar kuma ya bar wa Baba. Ni da Inna da Yaya duk a ƙarƙashin sunan Baba muke. In aikinsa ya faɗi, mun faɗi gaba ɗaya, sai gida Najeriya.

Yaya kuwa ta samu gurbi a kwalejin mata, abin da ba kowace baƙuwa ke samu ba. Saura shekara guda ta gama, sai yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Ya ƙi zuwa asibiti, wai bango ma kunne gare shi, wa zai riƙe direba makaho? Da safe maƙwabta ke tafiya da Yaya. Da azahar kuwa dokar kwaleji ce, ɗaliba ba ta fita sai waliyyinta ya zo ƙofa da kansa.

Sai aka ɗora ni a kan matashi a gefensa, ina 'yar firamare. "Auta, ke ce idona," in ji shi. "Kada yayarki ta ji." Aikina in ce ja, in ce kore, in ce ga mota ta hagu, ga mutum zai tsallaka. Hanyar kam ya haddace ta kamar Fatiha. Abin da bai haddace ba shi ne mutanen kasuwar Batha, masu faɗowa titi da buhu a ka kamar an koro su. Da bazara rana takan mai da gilashin fari fat, kujera ta ƙona cinya, ni kuma ko ƙiftawa ba na so in yi. Ina jin tsoro ƙwarai, kullum sai na yi fitsari sau biyu kafin mu fita. Inna takan tofa min addu'a a ka, ta juya da sauri don kada in ga fuskarta.

A ƙofar kwalejin akwai mai gadi da lasifika. Uba ya faɗa masa sunansa, shi kuma ya kwarara shi cikin katanga, sai 'yar ta fito. Baƙaƙen abayoyi ne tuli, ba fuska, amma ni da tafiyarta nake gane Yaya, don tana jan ƙafa kamar mai takalmin aro. Ta shiga baya ta buɗe littafi, mu kuma mu koma yin raɗa.

Rannan muna shiga layin ƙofar, wata mata ta ɓullo daga bayan bas. Na ce tsaya, ashe muryata ba ta fito ba. Na ƙwalla ihu, Baba ya taka birki, goshina ya bugi gilashi. Jakar matar ta faɗi, littattafai suka watse ƙarƙashin taya. Direbobi suka taso, wani yana cewa a kira 'yan sanda. A raina na ce shi ke nan, yau za a sa mu a jirgi.

Matar ta zagayo ta taga. Dattijuwa ce, daga murya na gane. Ta daɗe tana kallon idon Baba, sannan ta kalli matashin da nake kai. Da Larabci ta tambaye shi, "Wa kake ɗauka?" Ya faɗi. Ta ce, "Ɗalibata ce. Kashe motar, baffa. Ba za ka sake tuƙa ta ba." Baba ya ce, "In na kashe ta, na kashe karatun yarinyar." Ashe hayaniyar ta jawo Yaya bakin ƙofa, tana tsaye a bayan matar, ta ji komai. Ban taɓa ganin babba yana kuka cikin niƙabi ba sai ranar, ƙyallen ya manne wa Yaya a fuska.

Daga baya muka ji wace ce dattijuwar. Tana cikin 'yan farko da suka shiga kwalejin, tun kwalejin tana gidan haya, lokacin da ake jifan sunan uban da ya kai 'yarsa. Rabin malaman makarantun mata na garin ta hannunta suka bi. Mun yi makonni muna jiran 'yan sanda su ƙwanƙwasa ƙofa. Maimakon haka sai ta aiko cewa mai gadi ya tsufa, ana neman mataimaki, kuma a ƙofar mata ƙarancin gani ba aibi ba ne. Tsohon kafilin ya yarda, aka mayar da igamar ƙarƙashin kwalejin.

Haka Baba ya koma mai kiran sunaye. Ranar da Yaya ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ya ɗauki lasifikar ya kira sunan kansa, sau uku, duk da tun a kiran farko ta fito.

Yanzu kwalejin ta zama jami'a, gari guda ce a bayan gari, har da jirgin ƙasa marar direba a cikinta. Ba mai kiran kowa, 'yan mata da motocinsu suke fita. Yaya malama ce a can, kuma igamar Baba a ƙarƙashin sunanta take. Ta sha cewa in zo ta koya min tuƙi, ta ce ai ni na fi kowa sanin hanya. Na gwada sau ɗaya. Danja ta nuna kore, na buɗe baki na ce kore, na zauna ina jiran wani ya ja motar.