Bahago Kaɗai Ya San Wurin

Da kakar bana ɗan farina ya cika shekara biyar da rasuwa. Ba zan rubuta sunansa ba, don ko da yana raye ban taɓa kiransa da shi ba, haka muka tarar iyayenmu na yi a Tafoki. Zan kira shi da sunan da ya sa wa kansa a waya, Ɗan Inna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfura na fara shi, saboda haka masu karatu ku yi haƙuri da rubutun tsohuwa.

Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo nakan soya waina in raba sadaka, in yi shiru. Bana na ɗauki biro ne don wurin da nake zuwa in ji maganarsa an rufe shi, ba sallama.

Bayan mun baro ƙauye mun dawo Kankara, ɗana ya buɗe shagon cajin waya. Gefe guda ya ajiye talabijin da abin buga gem, ƙwallon nan da ake yi da yatsu. Ni dai gani nake wasan yara ne ga magidanci mai mata da ɗiya. Mahaifinsa, Malam, ya sha cewa ƙwallon da ba a yi mata zufa ba, ba ƙwallo ba ce. Ashe akwai wani dandali a intanet na masu son wannan gem, ya haura shekara goma ana yinsa, samari da magidanta daga Kankara, Faskari, Sabuwa har gaba. Can suke cika baki, wanda aka ci a yi ta yi masa tsiya. Mai dandalin Sarkin Fili suke ce masa, ba su san shi da wani suna ba.

Da daji ya lalace da 'yan bindiga, ɗana ne ya kawo shawara aka karɓa. Ya ce kada kowa ya ƙara rubuta sunansa na yanka, ko garinsu, ko lambar wayarsa, wanda ya taɓa rubutawa ya goge, don ba a san wa ke karantawa ba. Kuma kowace safiya bayan sallar asuba kowa ya shiga ya rubuta “mun kwana”. Wanda aka kwana biyu ba a ga tasa ba, sai a fara yi masa addu'a.

An tare motarsu ne yana dawowa daga ɗaurin aure a Sabuwa, aka shiga da su daji. Da wayarsa ake kiranmu, muna ta faɗi-tashi, har wata rana kira ya ɗauke. Ba wanda ya zo ya gaya mana komai. Matarsa Sa'ade ce, da take leƙa dandalin ko za ta ji wani abu, ta ga rubutun wani mai suna Bahago.

Bahago ya ce shi ma yana cikin motar, kuma ba su san juna ba. Sarƙa ɗaya aka sa musu. Wata rana don rage zafin zuciya, ɗana ya fara ba shi labarin wani mutum a waya da ya lallasa ci shida ba ko ɗaya, mutumin ya fake da cewa sabis ne ya yanke. Bahago ya dube shi ya ce, “Biyar ne, maƙaryaci. Kuma wallahi sabis ɗin ne ya yanke.” Ya ce sun yi dariya har mai tsaronsu ya juyo da bakin bindiga. Daga baya zazzaɓi ya kama ɗana, ya cika da kansa bisa cinyar Bahago. Shi da wasu mutum biyu suka yi masa sallah, suka rufe shi gindin wata kanya. Shi Bahago danginsa suka fanso shi.

Da Sa'ade ta fita takaba, kafin ta koma gidan iyayenta a Daudawa, ta buɗe mini suna a dandalin, ta nuna mini inda ake dannawa. Inna kawai ta rubuta. In na shiga sai wani ya ce, “Inna ta shigo, a gyara baki.” Nakan zauna da hantsi bayan na gama shara, ina bin tsofaffin rubutun ɗana harafi harafi. A gida bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye cefane, ya fita. Kunya ta raba mu. A dandalin na san yana da barkwanci. Can na gano cewa miyar kalkashin da na shekara da shekaru ina yi masa, haƙuri kawai yake yi da ita.

Na tambayi Bahago inda kabarin yake. Na san mu mata ba ma zuwa maƙabarta, ba cewa nake sai na tsaya kansa ba. So nake ƙannensa maza su je su gyara wurin, su jera ƙaya saboda dabbobi, kuma ranar da ɗiyarsa ta tambaye ni ina babanta yake kwance, in sami abin da zan nuna mata ko da da hannu ne daga nesa. Bahago ya ce ba zai rubuta ba. Wurin kusa yake da inda waɗanda suka kama su suke zaune, kuma da za su sake shi sun gaya masa sun san ƙofar gidansu. Ya kwashe iyalinsa ya bar yankin, bai faɗi inda ya koma ba. Sauran biyun da suka yi jana'izar, bai san inda suka ƙare ba. Amma ya yi alkawari, in hanya ta yi kyau da ƙafarsa zai raka su. Duk shekara in na tuna masa, amsar ɗaya ce: “Inna, ba yanzu ba.” Malam ya ce in bar yaron mutane ya huta, ƙasa duk ta Allah ce, addu'a kuma ba ta ɓatan hanya. Gaskiya ya faɗa. Na yi haƙuri, amma ban cire rai ba.

Akwai wata al'ada tasu a dandalin, wanda ya rasu ba a goge sunansa. Yana nan cikin jerin 'yan'uwa, ranar Juma'a a yi musu addu'a. Na ji daɗin wannan karamci ƙwarai. Sai dai a cikinmu duka ba wanda ya tsaya ya tuna cewa wayar ɗana tana daji, kuma dandalin a buɗe yake a cikinta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bana da ruwa ya ɗauke, Bahago ya rubuta cewa ana maganar sulhu a yankin da ya baro, mutane sun fara komawa gonaki. Zai je ya taya surukinsa yankan dawa, ba nisa da wurin, zai duba ko kanyar tana nan tsaye. A fili ya rubuta, inda kowa ke karantawa, don in gani in yi murna. Na kuwa yi.

Ba a daɗe ba, wata safiya na shiga in rubuta tawa “mun kwana”, sai na ga ɗan koren ɗigon nan da ke nuna mutum yana ciki ya kama kusa da sunan Ɗan Inna. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne yana da rai. Sai kuma na tuna a hannun wa wayar take. Wani ya rubuta, “Wa ke nan?” Ba amsa. Ɗigon ya zauna har rana ta ɗaga, ya mutu. Washegari ya dawo. Bai taɓa rubuta komai ba, karatu kawai yake yi. Masu gaisuwar safe suka fara raguwa, ta Bahago kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Sai wata rana na danna na tarar da farin shafi, da layi ɗaya daga Sarkin Fili: “An rufe dandali. Kada kowa ya nemi kowa. A yafe mu.”

A shagon ɗana, wanda ƙanensa ke riƙe da shi yanzu, kowa da abin da yake faɗa. Wasu sun ce wayar hannu da hannu ta bi har ta faɗa kasuwa, wanda ya saya bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu sun ce Sarkin Fili gajiya ya yi. Wasu kuma in sun zo wurin sai su rage murya su dubi ƙofa. Ni ban sani ba, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba.

Nakan tambayi kaina, da ɗana yana nan me zai ce? Ina jin zai ce Sarkin Fili ya yi daidai, rigakafi ya fi magani, kuma shi ne zai fara cewa a goge sunan tun ranar farko. Amma ban san yadda zai ji ba in ya ga dokar da ya kafa don ta kare mutane, ita ce ta raba uwarsa da mutum ɗaya tak da take nema a duniya. Kuma ban san me zai ce ba in ya ga inda muka kai. Yau a kasuwa ba a tambayar baƙo daga ina yake. Maƙwabci ya yi shirin tafiya, sai ya isa sannan ka ji. Abin da suka fara a waya ya zama zamanmu na kullum.

Me ya rage na ɗana? Ɗiyarsa, mai wushirya irin tasa. Shagon. Rubutunsa na shekara goma ya tafi da safiya ɗaya, sai ɗan abin da na haddace, shi ma kan tsohuwa ba rumbu ba ne. Sai kabari, wanda yake cikin kan mutum ɗaya.

Bahago, ɗana, in kana raye kuma wannan ya iso gare ka, kada ka neme ni. Na yafe maka alkawarin, kada ka sake komawa wurin saboda ni. Abu ɗaya nake roƙo: ka zaunar da matarka, ko babban ɗanka, ka gaya musu ta inda ake bi, da kanyar, da gefen da kansa yake. Ko bai taɓa zuwa kunnena ba, zan kwanta da sanin cewa mutum biyu ne suka sani.

In kuma ba ka dawo daga yankan dawar ba, to ku biyu ke nan nake yi wa addu'a. Allah ya san inda kuke kwance. Ni ce ban sani ba.