Hoton da aka ɗauke ni a kan kabarin Bajapane

Shekarun baya, zamanin da Faransa ke kwasar samarin Damagaram tana kai su yaƙin Indosin a nahiyar Asiya, na samu kaina a can tare da abokina, mutumin Mirriya. A makon da abin ya faru ake shirin ɗaura masa galo, wato igiyar girman soja, ya zama kafaran, kofur ke nan. Shekara huɗu yana jiran galon nan, har ya sa an rubuta wa mahaifiyarsa takardar albishir.

Ranar wata Lahadi lajidan ɗinmu, wato hafsan da ke kanmu, wani Bafaranshe jajir mai son hoto, ya ce mu raka shi buɗe ido. Muka shiga kamyo, babbar motar soja, har wata tsohuwar maƙabarta a tsakiyar gonakin shinkafa. Aka ce ta fataken Japan ce, waɗanda suka zo ciniki tun kaka da kakanni, ajali ya riske su a ƙasar mutane. Duwatsun kaburburan duk sun yi gansakuka, amma wurin tsaf yake. Wata tsohuwa ƴar garin ce ke sharewa, tana ajiye musu turare da ƴar shinkafa a kasko, alhali ko dangi ba su haɗa ba.

Abokina ya tuɓe takalmansa tun daga bakin ƙofa. Mahaifinsa ne mai haƙa kabari a garinsu, da wannan ladabin ya tashi. Ni ma na tuɓe, don kada a ce.

Lajidan kuwa, wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya shiga da takalmi yana fito, ya shure kaskon tsohuwar da ƙafa don yana ɓata masa hoto. Sai ya nuna kabarin da ya fi tudu, ya ce wa abokina ya hau, ya riƙe bindiga ya yi dariya, shi lajidan ya ɗauki hoton ya aika wa matarsa.

Abokina ya ƙame ya ce, "Mon lajidan, akwai mutum a ciki."

"Ba Musulmi ba ne, ina ruwanka?"

"Baƙo ne, mon lajidan. Mu ma nan baƙi ne, ba mu san inda za a binne mu ba."

Fuskar lajidan ta ƙara ja. Ya ce zai ƙirga uku, in bai hau ba ya manta da galo. Na raɗa wa abokina, "Haba ɗan'uwa, hau mana, minti guda ne! Ka tuna Inna." Ko kallona bai yi ba.

To ni gwanin sulhu, sai na ce bari in kashe wutar. Na haye kabarin da kaina, na washe haƙora, lajidan ya ɗauke ni hoto. Tsohuwar ta tsaya riƙe da tsintsiya tana kallona. Duwatsun da sanyi a tafin ƙafata, kuma sai a lokacin na tuna ba takalmi gare ni.

Wutar ba ta mutu ba. Abokina ya yi kwana takwas a gidan kaso saboda ƙin bin umarni, galon kuma aka ɗaura a hannuna.

Mun dawo gida lafiya, aka samu mulkin kai, kowa ya kama sana'arsa. Na daɗe ina zagin lajidan a majalisar hira, kuma ya cancanci zagin, mutumin banza ne wanda ko matattu ba ya jin kunya. Sai dai shi bai san haramcin taka kabari ba, ni kuwa da sanin haka aka raine ni. Haushin kaina ya fi nasa yawa.

Abokina bai taɓa tayar mini da maganar ba, ranar kasuwar Mirriya ma a gidansa nake cin tuwo. Duk unguwarmu Kafaran ake ce mini, har jikokina. Shi kaɗai ne, har ya koma ga Allah, da sunan yanka yake kirana.