Ranar da Na Ɗaga Waya Bisa Gora

Da autata ta yi haihuwar fari, gida ta taho wanka, nan Gummi, kamar yadda yayyenta duk suka yi. Aikinta a Gusau kiwon kwamfuta ne. Ta ce akwai babbar na'ura guda, cikinta wasu ƙanana da ido bai gani, da mai gadi a ƙofa, shi ma ba mutum ba, shi ke tada su ya kwantar da su.

Ina dama mata kunun kanwa ofis suka bugo, wai ƙananan sun tsaya. In ba ta iya shiga na'urar daga nan ba, gobe sai mota zuwa Gusau. Mai jego a mota kafin arba'in, a gidana? Ko zaure ba ta ƙetarewa.

To sabis bai shiga ɗakinta, sai can saman rumbu. Ta ce kwamfutarta daga waya take sha. Na ɗauko gorar kaɗo mangwaro, na ɗaure wayar da ɗankwalina, na ɗaga.

"Inna, hagu kaɗan."

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wai ko shaho nake kora. Na ce mata Gusau nake buɗewa, ta koma ga dakanta.

Sabis ya kama, ɗiyata ta ƙwanƙwasa wa mai gadi, shiru. Dole ta kira abokin aikinta, waya kuwa tana sama. Na sauke. Ya duba ya ce mai gadi ne ya yi barci, ya tada shi. Na ɗaga. Yanzu mai gadi ya amsa, amma wai bai san ta ba, makullinta na kwamfutar ofis ne. Ɗiyata fa, da ke ba shi umarni kullum. Na sauke, aka gabatar da ita kamar baƙuwa, na sake ɗagawa, dariya na neman kada ni.

"Inna, ya buɗe. Kada ki motsa."

Na ƙame. Kaza ta bi ta kan ƙafata, ban motsa ba. Da ta ce ƙananan sun fara tashi, guɗa ta ƙwace mini, gora ta girgiza, komai ya yanke. Muka yi ta dariya har jinjiri ya farka, muka sake daga farko.

Daga nan na ɗaure gorar jikin rumbu. Nan ta tsaya, ɗiyata ma nan ta tsaya, har na yi mata wankan ƙarshe da hannuna.