Akwatunan Ƙwarina da Maƙwabciyata

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, kuma tun ina ɗaliba nake tara ƙwarin ƙasa. Ba buzuzu nake nufi ba. Waɗannan su ne masu dogayen ƙafafu da za ka ɗaga dutse ka ga sun zura da gudu. Bayansu da tauri, da zane-zane a tsaye kamar an ja su da tsinke, bakinsu kuma kamar ɗan awartaki, da shi suke kama tsutsa. Wasunsu ba sa tashi sama sam, fikafikansu a manne suke.

A gidanmu na Tudun Wada ina da akwatunan katako masu murfin gilashi. A ciki nake jera su, kowanne a soke da allura, da ƙwayar kafur a lungu don kada wani abu ya cinye su. Dangi-dangi nake raba su. Manya baƙaƙe masu ɗigon fari suna akwati guda. Masu siririn ƙugu da faffaɗan ƙafafun gaba, waɗanda ke haƙa rami, suna wani. Koraye masu sheƙi na bakin rafi su ma da nasu.

Mutum ɗaya ce a unguwar ta san wannan aiki ciki da waje, wato maƙwabciyata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tela ce, mai yawan dariya, kuma tare muka yi goyon 'ya'yanmu. Danginta suna da gona wajen Dutsen Abba, to da farkon damina sai mu tafi can tare, ita ta gaishe da mutanenta, ni in bi kunya-kunya ina juya duwatsu. Daga baya ta shiga taya ni. Ta fi ni saurin hannu. Wata rana ta damƙi wani babba mai ɗigon fari, ya feso mata ruwansa mai zafi a yatsa, ta yar da shi tana yarfe hannu.

"Malama, ashe abin naki har da masu faɗa?" in ji ta.

Na ce da shi yake kare kansa, ta wanke kawai kada ta taɓa ido. Ta wanke, ta koma ta sake kamo shi da gefen mayafi. Ita ce ma ta ɗinka wa akwatunan rigar atamfa saboda ƙura.

Babbar 'yata tana karatun jami'a a harabar Kongo ta haɗu da wani saurayi ɗan unguwar Hanwa, yaro mai natsuwa. Sun fahimci juna, iyayensa suka zo gaisuwa, aka rabu da fara'a. Sai suka shiga bincike a unguwa kamar yadda aka saba. Ban damu ba ko kaɗan. Daga nan muka ji shiru. Maigidana ya aika a tuntuɓa, aka ce a ɗan ƙara haƙuri.

Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa a tsakar gida, 'yata ta dawo ta zauna kusa da ni ba ta cire hijabi ba.

"Umma, sun fasa," ta ce. "Shi ya gaya min da bakinsa. An ce wa gwaggonsa kina ajiye ƙwari a akwati kina soka musu allura, ba a san mutanen da kike yi wa aikin ba."

Dariya ce ta fara zo min, don na ɗauka jahilcin wani bare ne. Na tambaye ta wa ya faɗa. Ta kalli katanga ta sunkuyar da kai.

Na ajiye farantin na zaga gidan maƙwabciyata. Na same ta a kan keken ɗinki. Da ta ga fuskata sai ta ɗauke ƙafa daga keken.

"Hajiya, gwaggon yaron nan ta zo wurinki?"

"Ta zo."

"Me kika ce mata?"

"Malama, amana aka tambaye ni. Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin, wai akwai ƙwari a gidan. Na ce akwai. Ta ce na mene ne, na ce ni ban san me kike yi da su ba."

"Ba ki sani ba?"

Ta murza zare a yatsa. Can ta ce, "In na ce na sani, har da ni za a haɗa. Ina da 'yan mata a gabana, kuma da mutanen unguwa nake cin abinci."

Na ce, "Da hannunki kika kama rabinsu."

"Ai ban yi miki ƙarya ba. Ban ce kina asiri ba."

Gaskiya ne ba ta faɗi kalmar ba. Ta bar wa matar ne ta faɗa da kanta. Na tsaya ina jira ko za ta ce za ta je Hanwa ta gyara maganar. Da ta faɗi haka da na yafe a take. Sai ta mayar da ƙafa kan keken.

Maigidana ya je ya yi wa mahaifin yaron bayani, har ya ce su zo su gani da idonsu. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma matan gidan sun riga sun tsorata, ba ya son ya kai yarinya inda za a riƙa kallonta.

'Yata ba ta taɓa ɗora min laifi ba. Abu ɗaya ta roƙa, in fitar da akwatunan daga gidan. Na kai su ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, a can nake koyarwa da su har na yi ritaya. 'Yar tawa kuwa ta ɗauki lokaci kafin ta sake sauraron wani saurayi.

Har yau katangar nan ce tsakanina da maƙwabciyata. Muna gaisawa, na je bikin 'ya'yanta duka, da aka yi mata rasuwa na zauna makoki. Amma na canja tela, kuma ban sake taka ƙafa gonar danginta ba.