Mutumin da Ke Sallama Kafin Ya Ɗauke Wuta

Da an idar da sallar asuba a ƙaramin masallacin layinsu a unguwar Manfuha ta birnin Riyad, Issoufou ba ya zama hira. A tsaye yake shan shayinsa, ya zura rigar aikin da rana ta cinye launinta, ya rataya makullan akwatunan wuta a ƙugu, ya kama hanya. Abokan aikinsa sukan jira motar kamfani ta kwashe su. Shi da ƙafa yake riga su isa layin da za a yi gyara, domin yana da wani aiki da babu wanda ya sa shi: hawa bene yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane.

"Salamu alaikum, masu gida. Yau za mu ɗauke kuran da hantsi, sai bayan azahar. Ku tari ruwa, ku cika wayoyinku."

Kuran yake ce wa lantarki, irin na mutanen Maradi, shekarun da ya yi a Riyad ba su raba bakinsa da kalmar ba. A ƙofar Balarabe sai ya ce kahraba. A ƙofar Bangali kuwa sai ya nuna ƙwan fitila, ya ja yatsa a wuya, ya ɗaga hannu sama ya kwatanta inda rana za ta kai kafin wuta ta dawo. Kowa yana ganewa.

Mai karatu zai ce ai wannan aikin kamfani ne. Haka ne, kuma kamfanin yana yin nasa. Sai dai harkar wuta a zamanin nan an yanka ta gunduwa-gunduwa. Wani ne ke samar da ita, wani ke sayen ta, wani kuma nasa kawai ya kai ta gida. A wasu ƙasashen ma mutum ne ke zaɓar wanda zai sayar masa da wuta, yadda yake zaɓar mai sayar masa da shinkafa. Madalla da kasuwa. Amma ko masu sayarwa sun cika gari, waya ɗaya ce ke shiga gidan mutum, kuma mai rarrabawa ne ke da ita. Shi ma ba shi ke tona rami da kansa ba, 'yan kwangila yake bai wa, su kuma su yi ta tseren wa zai gama da wuri. A can ƙasan duk wannan Issoufou yake, ma'aikacin wani ɗan kwangila, da makulli a ƙugu.

Kafin a ɗauke wuta don gyara, ana tura saƙo zuwa wayar mai mita. To, wane ne mai mita a gidajen hayar Manfuha? Mai gida ne, wanda ke zaune can arewacin birni, bai taka layin ba tun ranar da ya gaji ginin. Saƙo ya shiga wayarsa yana kwance cikin sanyin esi, ya duba, ya share, ya juya ya ci gaba da barci. Mutanen da ke cunkushe a ɗakunansa, masu shan zafin, babu sunan ko ɗayansu a wurin kowa. A idon kasuwa su ba abokan ciniki ba ne. Issoufou ne kaɗai ya ƙi yarda da haka.

Kuma kada mu yi saurin wanke kanmu, mu Hausawan unguwar. Me muka saka masa da shi? Suna muka sa masa, Baba Ɗauke-wuta. In ya shigo layi sai a fara tsaki, kamar shi ya haifi zafin Riyad. Bilƙisu mai zoɓon ƙanƙara ta taɓa leƙowa ta taga ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta ce shi da alheri ba su taɓa haɗa hanya ba. Ya tsaya ya gama ji, sannan ya ce, "Hajiya, ki kai robobinki firjin Bayamanen can na bakin titi, layinsa daban ne. Na riga na roƙe shi." Ta kai, zoɓonta bai narke ba, kuma har yau ba ta ce masa sannu ba. Tela ya shaida irin wannan, mai gasa burodi ya shaida. Mun ci moriyar mutumin nan shekara da shekaru muna zagin sa, abin kunya ne, kuma gara a faɗa.

Bara aka ba wani sabon ɗan kwangila yankin, ya gaji ma'aikatan da ya tarar. Sabon shugaban aikin, wanda suke kira mudir, mutum ne da bai san komai ba sai agogo. Ya lura cewa duk inda Issoufou ya riƙe makulli ana makara, domin wanda aka yi wa sallama yakan roƙi a ɗan jira shi: burodi na cikin tanda, injin wanki na tsakiyar juyi. Mudir ya kira Issoufou gefe. Yusuf suke ce masa a wurin aiki.

"Yusuf, mu ba masu shela ba ne. An tura saƙo, khalas, shi ke nan. Ka sake ɓata mana lokaci, ba zan sabunta iƙamarka ba."

Iƙama ita ce takardar zaman baƙo a ƙasar, kuma tasa a hannun kamfanin take. Issoufou ya haura sittin. Ya sani sarai babu wani da zai ɗauki mai furfura irinsa, in wannan ta tafi sai gida, alhali iyalinsa a Maradi da wannan aikin suke ci. Bai yi musu ba. Sai ya ƙara sammako, ya riƙa gama zagayensa kafin mudir ya iso, in an roƙe shi jira ya ba da haƙuri.

Ana nan, wata safiya a tsakiyar bazara, za a canja wata babbar waya da ta tsufa a ƙarƙashin ƙasa. Issoufou ya hau wani tsohon bene da bai taɓa shiga ba, domin ba a daɗe da haɗa layin da yankinsu ba. A hawa na uku wata mata ta buɗe masa, Mariamou, haifaffiyar Riyad, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Yana gama bayaninsa ya ga fuskarta ta canja.

"La, ya Ammi! A'a, Baffa! Don Allah kar ku ɗauke. Babana da na'ura yake numfashi."

Ta matsa ya leƙa. Mahaifinta Malam Ghali ne kwance a katifa, tsohon mai yankan tayil da ƙura ta cinye wa huhu, da roba a hanci, wata na'ura a gefensa tana gurnani, wayarta jone a bango. Akwai tukunyar iska ta ko-ta-kwana a kusurwa, amma babu komai a ciki, shagon da suke cikawa sun ce sai yau. Babu wanda ya gaya musu za a ɗauke wuta. Wa zai gaya musu?

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata," in ji Issoufou. "Wa ke da mota a gidan ga?"

Akwai Nu'uman, ɗalibi ɗan Kano da ke hawa na biyu. Ya fito da jallabiyar barci, ya saɓa tukunyar a kafaɗa, ya yi ƙasa da gudu. Shagon yana can wajen unguwar Dira, ga shi lokacin da duk motocin Riyad ke kan titi.

Da Issoufou ya sauko, ya tarar an riga an tona rami, ma'aikata na tsaye, mudir na kallon agogo.

"Yalla, Yusuf, yanke."

"Mudir, akwai mutum sama, da wutar ga yake lumfashi. An tai cika tukunya."

"Su kira motar asibiti! Wannan ba matsalarmu ba ce, an tura saƙo."

"A kira. Ko motar ko tukunyar, wadda ta riga zuwa, sai in yanke."

"Ba ni makullin."

Waɗanda suka gani sun ce Issoufou bai ɗaga murya ba. Ya kwance makullin daga ƙugu, ya jefa shi cikin aljihun gaban rigarsa, ya ja zif, ya je ya jingina bayansa da ƙofar akwatin wutar. Ƙarfe ne da rana ta fara gasawa, amma bai motsa ba. Mudir ya yi ihu, ya yi waya, ya rantse, ya ambaci iƙama har ya gaji. Issoufou yana ji, kuma ya san ba barazana ba ce. Ya tuna gida, ya tuna bakunan da ke jiran sa. Duk da haka idonsa na kan tagar hawa na uku.

Rana ta take sosai kafin motar Nu'uman ta shigo layin. Aka hau da tukunyar, aka jona, Mariamou ta leƙo ta ɗaga hannu. Sannan Issoufou ya buɗe akwati ya yanke wuta, ya shiga rami ya yi aikinsa har aka gama.

Mudir ya cika alkawarinsa. Ba a kori Issoufou a ranar ba, ai su masu wayo ne. An bar iƙamar ta ƙare, aka ce masa kamfani na rage ma'aikata. Wanda ya share saƙo yana nan da gidansa, wanda ya ce a yanke yana nan da muƙaminsa, wanda ya tsaya wa ran mutum shi ne ke ɗaure kaya. Wallahi abin da ciwo, kuma duk wanda ya ce haka tsari yake, a tambaye shi, da ubansa ne a katifar, ko zai faɗi haka.

A makon nan ya je yi wa Malam Ghali ban kwana. Bai gaya musu dalili ba, ya ce ƙafa ta gaji, gida na kira. Tsohon ya riƙe hannunsa ya yi ta sa albarka, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Can ya janye robar daga hancinsa ya ce, "To, Issoufou, in ka tahi, wa za ya riƙa hwaɗa muna?"

Issoufou ya sunkuyar da kai. Ya mayar masa da robar a hanci, ya yi musu sallama.

Baba Issoufou, kai ne ka ɗauke mu mutane a inda aka ɗauke mu ɗakunan haya. Kai ne ka hau benayenmu da gwiwoyin tsufa, muka tare ka da tsaki, washegari ka dawo da sallama. Na Maradi, mai makulli a aljihu, ka san abin da tsayuwar nan za ta jawo maka, ka tsaya. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya kai ka gida lafiya, ya buɗe maka ƙofar da ta fi wadda aka rufe, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Saura mu. Kai mai gidan haya, saƙon nan da ke shiga wayarka ba naka ba ne, amana ce, tura shi bai kai wahalar share shi ba. Kai da aka damƙa wa makulli, ka hau bene ka duba kafin ka ja. Mu kuma maƙwabta, mu daina jiran wani tsoho ya yi mana abin da ke kanmu, kowa ya san wanda ke kwance a bayan bangonsa. Jirgin Issoufou zai tashi ranar Juma'a. Malam Ghali yana nan a hawa na uku, na'urarsa na jone a bango, kuma har yanzu babu wanda ya amsa masa tambayarsa.